Zaren Awo

Shekara arba'in da ɗaya ina auna ƙafafun mutanen Tibilisi
a shagona na ƙarƙashin bene,
inda taga take daidai da titi.
Ba na ganin fuska, sai sawu.
Mai bashi ma daga cin dunduniyarsa nake gane shi.
Amma ban san ƙashi yana da ƙofa ba
sai da Eliso ta faɗi.

Matakalar unguwarmu ta Betlemi doguwa ce,
ita kuwa uku-uku take tsallakewa,
shekara tara, jiki duk rawa.
Ran nan ƙanƙara ta kwana a kan dutsen
ba ta yi wa kowa sallama ba.

Gocha mai gasa burodi ya ɗauko ta,
gari fari fat har gwiwar hannunsa.
Ya ce targaɗe ne, a naɗe da ganyen kabeji.
Na yarda.
Kwana biyu cur na yarda,
idon sawu yana tashi kamar ƙullin da ya kwana,
yarinya tana cije leɓe
don kada kakanta ya ji kunya.

Likita Rusudan ta ɗaga hoton ƙashi ga fitila.
Na nuna wani baƙin layi, na ce ga ta nan.
Ta ce a'a, tsoho, wannan ba karaya ba ce,
guringuntsi ne, ta nan take ƙara tsawo.
Gare ka ya daɗe da rufewa.
Gare ta ɗanye ne, jijiya ta fi shi ƙarfi,
abin da zai zame maka targaɗe
ita nan yake tsaga ta.
Sai ta matsar da alƙalami kaɗan:
ga wani siririn layi, kamar gashi a cikin miya,
ya ratsa ta tsakiyar ƙofar.

Ƙusa ɗaya. Filasta mako shida. Sanduna biyu.
Wannan duk mai sauƙi ne, in ji ta.
Mai wuyar shi ne jira.
In ƙofar ta rufe kafin lokacinta
ƙafa ɗaya za ta tafi ta bar 'yar'uwarta,
ko ta karkace tana tafiya.

Ni na san maganin gajeriyar ƙafa.
Na yi wa tsofaffin sojoji, na yi wa wata malamar piyano:
ɗan ƙarin tudu a cikin tafin takalmi,
a ɓoye, ko mai gulma ba ya gani.
Ban taɓa roƙon kada a bukaci hannuna ba
sai bana.

Duk Lahadin farkon wata
ina zaunar da ita a kan bencin aiki,
in ja zare daga gwiwa zuwa idon sawu,
dama, in ƙulla; hagu, in ƙulla.
Ta ce Kaka, ai ba riga za ka ɗinka wa ƙwauri ba.
In rataye su a ƙusa ɗaya, in yi ta kallo
har hasken tagar ya ƙare.

Da inabin baranda ya fara ido
ta shigo tana mita: takalmi ya matse ta.
Wanne? Na hagu.
Na bar basilla a cikin fata, na hau mota har asibiti.
Rusudan ta yi dariya, ta ce tafin ƙafa daban, ƙwauri daban,
ku dawo da kaka mu sake hoto.

To, na dawo.
Na yanka sabuwar fata, ja, yadda take so,
tafi biyu, kauri ɗaya.
Ɗan tudun nan na riga na sassaƙa shi tun hunturu.
Yana can ƙuryar aljihun tebur, bayan gwangwanin ƙusoshi,
ban gaya wa kowa ba.

Yanzu haka ina jin ta a matakala.
Ɗaya-ɗaya, na ce mata.
Ina ƙirgawa daga nan ƙasa:
bibbiyu take yi.